Sunaye Arba'in da Ɗaya da Na Goge

Dab da faɗuwar rana na koma ofishin wata maƙabarta a Porto-Novo, ɗauko cajata da na manta. Mako uku ina kwashe sunayen mamata daga tsohuwar manhajarsu zuwa sabuwa, wadda ke jera komai layi-layi: suna, rana, lambar kabari.

Akwai abin da na ɓoye. Sabon jadawalin ya ƙi karɓar duk sunan da ba shi da ranar haihuwa, su arba'in da ɗaya. Maimakon in gyara, ni wai gwanin na'ura, sai na goge su, na ce wa Tonton Gbaguidi, mai kula da ofishin, dama can a lalace suke. Aka kuma wanke tsohuwar kwamfutar tas. Ran nan wata Maman Sena ta zo neman kabarin mahaifiyarta, za ta sa masa dutse. Na dube ta ido cikin ido na ce babu sunan.

Na tura ƙofa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, alhali ba a yi ruwa ba.

Kwamfutar a kunne. Da hannuna na kashe ta ɗazu.

Jadawalin na gangarawa da kansa. Can ƙasa wani farin layi ya buɗe. Sai wani. Ba suna, ba lamba. Na ƙirga har arba'in da ɗaya.

Kujera ta yi ƙara a bayana.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyata.

"Ɗana," in ji muryar wata tsohuwa, ƙasa-ƙasa, "a gona aka haife ni. Ba wanda ya rubuta ranar. Laifina ne?"

Na ƙi waiwayawa.

"'Yata ta zo. Me ka ce mata?"

Da rarrafe na fita. Ɗan achaba ne ya tsince ni bakin titi, gwiwata na jini.

Washegari na faɗa wa Tonton gaskiya. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya sauko da tsofaffin littattafan rajista, muka mayar da sunaye arba'in. Na ƙarshen, na tsohuwar, gara ta cinye shafinsa.

Duk Asabar Maman Sena tana zuwa da furanni, ta tambaya ko an samu. In ce tukuna, kaina a ƙasa. Sai ta sa mini albarka saboda wahalar da nake sha a kan mahaifiyarta.