Ƙosai a Ranar Azumi

A unguwar Luggere ta Jimeta akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba zan faɗi sunanta ba, don ta roƙe ni. Amma in kun taɓa ganin yarinyar da bakinta ba ya hutawa, to, kun ga irinta.

Tana da yaya mace guda ɗaya, sunanta Keturah. Adda Keturah take ce mata. Ɗakinsu ɗaya. Adda ke yi mata kitso ran Asabar. Adda ke duba mata aikin makaranta. In Mama ta ɗauko bulala, bayan Adda take ɓuya.

Ana nan sai ga wani saurayi, Zadok. Makanike ne, dogo, siriri kamar sandar rake. Yana cikin mawaƙan cocinsu, amma shugaban mawaƙa ya ajiye shi can layin baya, nesa da makirfo. Duk wanda ya taɓa jin muryarsa ya san dalili. Zadok ya ce yana son Keturah. Keturah ta ce ita ma tana so. Iyaye suka amince.

Kowa na murna, ban da yarinyar.

"Mama, in an yi auren, ina Adda za ta zauna?"

"Gidan mijinta mana, can Bako."

"Bako ta cikin Yola? Ai da nisa."

"Nisan me? Hawa biyu a keke napep kin isa."

"To ni fa? Da wa zan zauna?"

"Da ni da Babanki. Mu ba mutane ba ne?"

Yarinyar ta turo baki. A ranta ta ce, auren nan dai ba ta son shi.

Wata rana Zadok ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma, ya sunkuyar da kai, ya yi murya irin ta masu tsoron Allah.

"Baba, na ba Keturah shawara. Kowace Laraba za mu yi azumi, daga safe har ƙarfe shida, sai an ɗaura auren."

"Madalla," in ji Baba. "Za ka iya, ga aikin ƙarfi?"

"Ni azumi ba ya ba ni wahala, Baba. Wani lokaci ma mantawa nake ban ci abinci ba."

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Keturah kuwa sai murmushi take, ta samu miji mai ibada.

Ran wata Laraba da safe, yarinyar ta makara, sai ta yanke ta bayan wani gareji don ta isa makaranta da wuri. A can akwai wata tsohuwa mai suyar ƙosai. Kusa da ita, a bayan wata matacciyar tifa, wani mutum ya tsuguna. Kofin koko a hannu ɗaya, ƙosai a ɗayan, kumatu sun cika fam.

Zadok ne. Azumin nasa ko awa biyu bai yi ba.

"Hamma Zadok, ina kwana," in ji yarinyar. Hamma take ce masa, wato yaya namiji da Fulatanci.

Ƙosai ya sarƙe shi. Ya yi tari har da hawaye.

"Hamma, yau ba Laraba ba ce?"

"Laraba ce?" Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, sannan ya miƙo mata ƙosai. "Zo ki ci, ƙanwata."

Ta tsuguna ta ci guda huɗu, da yaji.

"Don Allah kada Addarki ta ji," in ji Zadok. "Ni zan gaya mata da bakina."

"Yaushe?"

"In na samu ƙarfin hali."

Yarinyar ta goge baki ta wuce makaranta. Tana tafiya tana murmushi, don ta ga hanyar da za ta riƙe Addarta a gida.

A cocinsu, kafin a ɗaura aure, sai fasto ya yi shela Lahadi uku a jere. Yakan ce duk wanda ya san dalilin da zai hana auren, ya faɗa. An riga an yi shela biyu. Lahadin nan ce ta uku.

Fasto Absalom ya daɗe yana irin wannan shela, kuma ba a taɓa samun mai magana ba. Shi ya sa ko kai bai ɗaga daga takarda ba.

"Wannan ita ce shela ta uku tsakanin Zadok da Keturah. In akwai mai dalili, ya ɗaga hannu. To, tunda babu..."

"Fasto, akwai," in ji wata murya daga baya.

Fasto ya gyara tabarau. Ga yarinyar nan tsaye a kan benci, hannu a sama. Mama ta ja siket ɗinta, amma ina, bakin ya riga ya buɗe.

"Na ga Hamma Zadok yana cin ƙosai ranar azumi. Ƙarfe bakwai da rabi na safe. Har da koko."

Coci ta fashe da dariya. 'Yan zumuntar mata suna toshe baki da gyale. Zadok ya nutse a layin baya, da tsawonsa da komai.

Fasto ma ya yi murmushi. "'Yata, wannan tsakaninsa da Allah ne. Ƙosai ba ya hana aure."

Yarinyar ta ga dabararta ba ta ci ba. Ashe za a yi auren duk da haka. Sai ta ƙara abin da ba ta gani ba.

"Kuma wata budurwa ce take ba shi a baki."

Dariya ta tsaya cak.

Keturah ta miƙe a hankali, ta ɗauki Littafinta Mai Tsarki, ta fita. Zadok ya tashi yana cewa, "Ba haka ba ne," amma wa zai saurare shi? Wanda aka kama da ƙarya ɗaya, ta biyu ma a kansa ake ɗorawa. Bayan sujada dattawan ikilisiya suka zauna. Suka ce a dakatar da auren sai an bincika.

A gida Baba ya kira yarinyar.

"Kin tabbata da abin da kika faɗa?"

"Na tabbata, Baba."

Ta samu abin da take so. Adda tana gida, ba inda za ta. Sai dai Addar da ta rage ba irin ta da ba ce. Ba ta dariya. Ba ta waƙa in tana wanki. In ta dawo daga aiki sai ta kwanta, ta juya fuska bango.

Zadok ya zo ran Litinin, Keturah ta ƙi fitowa. Ya zo ran Talata, ta ƙi. Ran Laraba da yamma ya tsaya a bakin taga, ya fara rera waƙar neman gafara. Karen maƙwabta ya kama haushi. Kaji suka watse. Baba ya fito da ɗan tawul a wuya.

"Zadok, ka ji tausayinmu. Mu ba mu yi maka laifi ba."

Da ranar lafiya ce, da yarinyar ta yi dariya har ta faɗi. Yau ta kasa. Ta leƙa ta ga Zadok yana tafiya, kafaɗunsa sun zube, ko waige bai yi ba.

Washegari a makaranta ta kasa rubuta komai. Malamar ajinsu, Malama Khadijah, ta lura. Da aka fita tara ta kira ta.

"Yau lafiya? Tun safe ban ce miki ki yi shiru ba."

"Malama, in mutum ya faɗi gaskiya, ya ɗora ƙarya kaɗan a kai, me sunan maganar?"

"Ƙarya."

"Ko da gaskiyar ta fi yawa?"

"In aka zuba kananzir cokali ɗaya a tukunyar miya, za ki sha?"

"A'a."

"To kin gani. Wa kika zuba wa kananzir a miya?"

"Ba ni ba ce. Wata ce."

"To ki gaya wa watan ta je ta gyara tun da wuri."

Yarinyar ta so ta gyara, amma tsoro ya hana ta. Har Asabar ta zo.

Ran Asabar da hantsi Keturah ta kira ta, ta zaunar da ita a gabanta, ta fara tsefe mata kai kamar kullum. Hannunta a hankali yake tafiya. Can sai yarinyar ta ji ɗigon ruwa a tsagar kanta. Ta san ba ruwan sama ba ne.

"Na gode miki, ƙanwata," in ji Keturah. "Da ba don ke ba, da na auri mai yaudara. Ke kaɗai kika gaya min gaskiya."

Maganar nan ta fi bulala zafi. Yarinyar ta miƙe da rabin kitso, ta ruga madafa wurin Mama, tana kuka.

"Mama, ba wata budurwa. Tsohuwa mai ƙosai ce kawai a wurin. Da hannunsa yake ci."

Mama ta ajiye ludayi. Ta juyo ta dube ta.

"Me ya sa kika yi haka?"

"Ba na so Adda ta tafi."

"Shi ne kika ɓata sunan ɗan mutane a gaban ikilisiya? Kin ga ramar da yayarki ta yi?"

"Ki dake ni, Mama."

"Ba zan dake ki ba. Duka ya yi miki sauƙi. Yanzu za ki je ki gaya wa Addarki. Gobe kuma, inda kika tsaya kika ɓata, nan za ki tsaya ki gyara."

Keturah tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta juya ta koma ɗaki. A ranar dai, kitson bai ƙarasu ba.

Ran Lahadi coci ta cika maƙil. Har waɗanda rabonsu da sujada tun Kirsimeti sun zo. Fasto Absalom ya kira yarinyar gaba, ya sauke mata makirfo daidai bakinta.

"Na yi ƙarya," ta ce. "Ba wata budurwa. Ni na ƙirƙira, don kada Adda ta tafi Bako ta bar ni. Hamma Zadok, ka gafarta min. Adda, ki gafarta min." Ta juya wajen Fasto. "Kuma ƙosan, ni ma na ci huɗu."

Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai ga Zadok ya fito daga layin baya. Shugaban mawaƙa ya ga ya nufi makirfo, hankalinsa ya tashi, amma ba waƙa Zadok zai yi ba.

"Na gafarta miki, ƙanwata. Amma ni na fara ƙarya. Ban taɓa kai azumin nan ko sau ɗaya ba." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Lokacin da 'yan bindiga suka shiga garinmu, can wajen Mubi, ina yaro. Kwana biyar muka yi a daji ba abinci kafin mu iso Yola. Tun daga nan, in yunwa ta kama ni, jikina rawa yake, sai in ji kamar ina dajin. Na ji kunyar gaya wa Keturah. Na so ta ɗauke ni babban mai ibada. Keturah, ni ba babba ba ne. Ina dai son Yesu, ina kuma son ki."

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa tana share ido.

Keturah ta tashi daga wurin zamanta.

"Da ka gaya min, da ni zan riƙa kawo maka karin kumallo. Na gafarta maka." Ta sunkuyar da kai. "Fasto, tunda ana faɗin gaskiya, ni ma Laraba biyu na sha shayi a ofis."

Can gefe wani dattijo ya yi gyaran murya. "Fasto, maganar azumin farkon shekara..."

Fasto Absalom ya yi maza ya ɗaga hannu. "Ya isa. Mu tashi mu yi addu'a kafin a zo kaina."

Wannan karon kowa ya yi dariya, har Zadok. Da aka natsu Fasto ya ce, "Allah ba ya bukatar mu yi masa kwalliya. Yadda muke, haka yake so mu zo. Shela ta uku ta tabbata."

Bayan sujada yarinyar ta laɓe a bayan coci. Kunya ta hana ta fitowa. Keturah ta neme ta har ta same ta.

"Kin ɓata min rai ƙwarai," in ji Keturah. "Ban taɓa jin zafi irin na satin nan ba."

"Na sani, Adda. Ki tafi Bako. Ba zan ƙara hanawa ba. Ko ba ki so in zo, ba zan zo ba."

Keturah ta tsuguna, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Wa ya gaya miki aure yana raba ni da ke? Miji zan samu, ba ƙanwa zan yar ba. Na gafarta miki tun jiya. Na dai bari ki faɗa da bakinki ne."

Yarinyar ta faɗa jikinta, ta yi kuka mai isarta.

Bayan sati biyu aka ɗaura auren. Yarinyar ce ta riƙe wa amarya jelar riga, kuma ranar ba wanda ya kai ta rawa.

Yara, abin da ta koya ke nan. In kana tsoron rasa wanda kake so, ka gaya masa tsoronka, kada ka yi ƙarya. In kuma ka yi kuskure, ka fito ka amsa. Allah yana gafarta wa mai faɗin gaskiya, masu ƙaunarka ma haka.