Tabon Wuta a Hannu

"Miƙo hannunka."

Abin da ta fara ce masa ke nan. Gwamnati ce ta turo ta cibiyar koyon walda, ta duba ko shirin na da amfani ko a rufe shi. Shi ne mai koyarwa. Babansa ne shugaban wurin, kuma ranar ya cika bencuna da 'yan unguwa, ya raba musu rigunan aiki sababbi fil don a ɗauka masu koyo ne.

Ko kallon rajista ba ta yi ba. Hannayensu ta bi tana dubawa. Cikin mutum arba'in, sha ɗaya kacal ke da tabon wuta.

"Naka kam ya sha wuya," ta ce tana murmushi.

Ranar ya kasa cin abinci don tunaninta.

Sati biyu yana kai ta shagunan waɗanda suka gama koyo. Ya sa mata suna 'Yar Biro, ita ta sa masa Tartsatsi.

Labarin soyayyarsu ya kai kunnen Baba.

"Wadda ta zo raba mu da abincinmu za ka kawo min gida? Ba sonka take ba, bugun cikinka take yi."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya daina ɗaga wayarta. Ƙofa biyu ya ɓata wajen walda a yini ɗaya. Sai ga saƙo:

"Tartsatsina, ba zan rubuta arba'in ba, ko don kai. Amma sha ɗayan nan kowa na riƙe da gidansa, wannan ma zan rubuta. Ka ɗaga wayar mana."

Ya zaga cibiyar sau uku kafin ya amsa: "Rubuta abin da kika gani, 'Yar Biro."

Rahoto ya fito. Ba a rufe cibiyar ba, amma an sauke Baba daga kujera. Wata guda bai ce da ɗansa uffan ba.

Ita da kanta ta je gaishe da Baba. Ta durƙusa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya buɗe tafukansa, duk tsohon tabo.

"Nawa fa? Ba ki duba ba."

"Na duba, Baba. Yana shafi na uku na rahoton. Na ce a mayar da kai koyarwa, don duk sha ɗayan kai suka ambata."

Baba ya juya kai, ya goge ido da gefen riga.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ne ya ƙera musu gado da hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ke kuma 'yata, ki duba haɗin waldar da kyau. Na san halinki."