Harafin da Maigadi Ba Ya Mantawa

An ci mini mutunci, kuma ina so duniya ta sani. Mutum kamata, mai furfura a gemu, wanda unguwa guda ke kawo wa kwamfuta gyara, wai yau ni ake nunawa da baki ana cewa, "Ga wanda ya gudu ya bar takalmi." Ƙafa ɗaya ce ma. Ta hagu.

Yaya ce ta jawo mini. Bayan rasuwar mijinta ta kira ni, ta ce hotunansu duka da muryarsa suna cikin tsohuwar kwamfutarsa, a ƙunshe cikin fayil guda, ita kuma ba ta iya kwancewa ba. Babu kwafinsu a ko'ina. Faifan kwamfutar ya tsufa, in ya mutu sun tafi ke nan.

Maigadi nake kiran marigayin. Duk lokacin da zai kwance irin wannan ƙunshi a baƙin allon da ake rubuta umarni, sai ya ƙara harafin v, don kwamfuta ta riƙa jero masa sunan duk abin da ta fito da shi. Ya zauna ya tsare allo har a gama. Ni kuwa x da f sun ishe ni, ɗaya ya kwance, ɗaya ya nuna fayil. Gwani ba ya neman rahoto. Shi kuma Sarkin Tsiya yake ce mini.

Na isa gidan rana na faɗuwa. Tun da aka binne shi ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ba. Ɗakinsa na nan yadda ya bar shi. Tabarau a kan tebur. Ƙurar littattafai, da ɗan warin man zafin da yake shafa wa gwiwa. Ban zauna a kujerarsa ba. Na ture ta bayana, na jawo benci. Yaya ta zauna a gefe.

Na rubuta umarni irin nawa, na danna.

Shiru. Alama na ƙiftawa a allo. Faifan na ƙas, ƙas, kamar mai cizon haƙora.

"Yana yi?" in ji Yaya, a hankali.

"Yana yi mana."

Ban sani ba. Ba wanda zai iya sani. Haske na janyewa daga taga, ba mu tashi mun kunna fitila ba.

"Shi yakan ga sunaye suna wucewa," ta ce.

Na tsayar da aikin, na ƙara v, na sake dannawa. Sunaye suka fara gangarowa. Ranar aure. Haihuwar babba. Asibiti. Yaya na karantawa da leɓe, fuskarta ba ta motsi.

Sai suka tsaya.

Layi ɗaya ya fito shi kaɗai: wani na bayanka.

Warin man zafi ya ƙaru. Ba na tsohuwar kwalba ba. Sabo, kamar yanzu aka shafa.

Kujerar ta yi ƙara. Irin ƙarar da takan yi in mai nauyi ya zauna.

"Yaya," na ce. 

Layi na biyu: zauna ka gani, Sarkin Tsiya.

Wani sanyi ya taɓa ƙeyata.

Na kai hannu zan fizge waya daga bango. Yaya ta riƙe ni. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

"In ka kashe, ka kashe mini shi sau biyu," ta raɗa.

Na ƙwace. Ƙofa, tsakar gida, titi. A bakin shagon mai shayi na lura ƙafata ɗaya tana taka ƙasa.

Ita ba ta tashi ba. Ta ce sunayen sun ci gaba da gangarowa har na ƙarshe, muryarsa. Washegari faifan ya mutu, bayan ɗanta ya kwashe komai. Yanzu ba na kwance fayil ba tare da v ba. Nakan zauna in tsare allo har a gama, masu kawo gyara suna cewa tsufa ne.

To, bari in faɗi abin da ya rage. Layin farko ni na rubuta shi. Bara, Maigadi ya fita alwala, na ɓoye shi a kwamfutarsa yadda zai fito duk ranar da ya sa v ɗinsa. Na yi ta jira ya zo ya zage ni. Bai taɓa cewa komai ba, har na manta.

Yaya ta ce ai gano ni ya yi, ya ƙara nasa don ya rama. Na so in yarda. Shi ya sa na duba cikin abin da ɗanta ya kwashe, na nemo inda na ɓoye tsiyata.

Layina na nan. Nasa babu.