Allon da Ba Wanda Ya Saya

Ana gab da kiran magariba, inuwar dutse ta riga ta rufe rabin garin Travnik, Mirsada tana kicin tana naɗa nama a ganyen kabeji, sai ta ji mijinta ya ƙwalla ihu daga ɗakin marigayiya mahaifiyarsa. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta san ihun Elvedin. Ba ya yin sa don gobara ko ɓarawo, sai don wayar kwamfuta.

Tun da Nana Zejna ta rasu ya mayar da ɗakinta ofis. Manhaja yake rubuta wa wani kamfani a Jamus, kuma wai allon laftof ɗinsa ya yi wa basirarsa kaɗan. Ya sayo manyan alluna biyu, ɗaya a tebur, ɗaya ya toshe taga da shi, daidai inda tsohuwar ke ajiye finjalin baƙo. Kullum da yamma in ta dafa gahawa sai ta zuba ɗaya fiye da mutanen gida, ko wani zai shigo. Elvedin ya ɗauke finjalin ya cika shi da ƙananan kusoshi. Shi kuwa laftof ya gane allon tebur, ya yi kememe ya ƙi na taga. An sauya waya, an kashe an kunna, an zagi 'yan China, har wata ya shuɗe.

"Mirsada! Ya gane shi! Amma yanzu huɗu yake nuna mini!"

"To, Allah ya ƙara yawa."

"Uku gare ni, baiwar Allah, har da na jikinsa. Ina na huɗun ya fito?"

A daidai nan dutse ya faɗo a kan rufi, kamar jiya da shekaranjiya. Wani ya biyo shi, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Mirsada ta leƙa waje, ba kowa sai duhu da ke sauka. Elvedin bai ma ji ba.

'Yarsu Nejra, 'yar sakandare, ta shiga ɗakin don ta kira shi cin abinci. Ya miƙa mata linzamin kwamfutar, ya ce ta ja 'yar kibiyar zuwa hagu, shi kuma ya rarrafa ƙarƙashin tebur. Ta ja. Kibiyar ta ratsa allon taga, ta wuce bakinsa, ta ɓace. Idon yarinyar ya bi ta, bai dawo ba.

Daga ranar Nejra ta daina magana. Takan zauna a ƙasa tana fuskantar tagar, ba ƙiftawa. Likita ya duba bai ga komai ba. Duk magariba jifa, wani lokaci kuma a ji ƙarar finjali ana ajiye shi a faranti, alhali ba kowa a kicin. Wata yamma Elvedin ya danna maɓallin da ke sa kowane allo ya nuna lambarsa. Ɗaya, biyu, uku suka fito. Mirsada tana goge wa yarinyar fuska, sai ta ga farar lamba huɗu tsaye a ƙwayar idonta. Ta nuna masa da yatsa. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ce, "Ashe ba laifin wayar ba ne."

Ba ta taɓa raina mutum irin na ranar ba. Ta yafa gyale ta tafi ta ɗauko Efendi Rifet, tsohon malamin da ya wanke gawar mijin Nana.

Ya zauna gaban yarinyar yana karatu, ƙasa-ƙasa, har hasken ɗakin ya koma na alluna kaɗai. Can bakin Nejra ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, busasshiya.

"Ya isa, Efendi, kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Baƙon gidan nan. Tun kafin a haifi wancan mai rarrafe nake shan gahawar uwarsa."

"Me yarinya ta yi maka?"

"An toshe mini taga, an cika finjalina da ƙusa. Na yi jifa, bai leƙo ba. Na ga ba ya kallon komai sai allo, shi ne na zama allo. Ita ce ta dube ni."

"Za ka fita."

"A buɗe tagata, a wanke finjalina, in bar ta."

Efendi ya juya ya kalli mai gida. Elvedin ya sosa ƙeya.

"Efendi, ba za a ɗan matsar da allon gefe ba kawai? In na zare wayar nan, wallahi ba lallai laftof ya sake gane shi ba. Ko ya karɓi ɗaya tagar, ta kicin?"

Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, doguwa, ba daɗi.

"Ka ji, Efendi? Ni ake wa karatu."

Mirsada ta miƙe. Ta fizge wayar, ta rungumi allon ta dire shi a ƙasa da fuskarsa, ta watsa kusoshin a kan tebur, ta banka taga. Iska mai sanyi ta shigo.

"Don ke na bar ta, 'yata," in ji muryar. "Tagar ma ku riƙe abinku. Ba na shan gahawa a gidan wannan."

Labule ya ɗaga ya sauka. Nejra ta ƙifta ido, ta fashe da kuka, ta waiwaya tana neman fuskar da ta sani.

"Babo?" ta kira babanta.

"Ina zuwa," in ji Elvedin. Yana durƙushe yana duba ko allon ya tsage.

Mirsada ta kama hannun 'yarta suka fita. Ta dafa gahawa, ta jera finjali huɗu a faranti: nata, na Nejra, na Efendi, da na baƙo. Elvedin ya fito daga baya, ya miƙa hannu zai ɗauki na ƙarshen. Ta janye farantin.

"Wannan na wanda zai shigo gidan nan ne," ta ce.