Mai Waƙar Sabulu

A cikin trotro, motar haya, daga Oforikrom zuwa Zango Fadil ya fara ganin Huda. Direba ya ƙure rediyo, sai ga tallar nan da ta cika gari: “Sabulun Nasira, wanke ka huta, ƙaiƙayi ya tafi, barci ya zo.” Budurwar da ke gefensa ta bi amshin a hankali, sannan ta yi tsaki.

“Wanda ya yi wannan ba shi da aikin yi. Tun safe ta ƙi fita daga kaina.”

Fadil ya ji kamar ya shige ƙarƙashin kujera, domin muryarsa ce. Sana'arsa ke nan, tsara gajerun waƙoƙin talla. A gidan rediyo jingil ake ce musu, mahaifiyarsa kuwa shiririta take cewa. Ya dai yi ta maza ya karɓi lambarta kafin su sauka.

Sati uku kafin ya iya gaya mata, shi ma a saƙo: “Hasken idona, mai waƙar sabulun nan da ba shi da aikin yi, ni ne. Ki yafe mini.”

Ta amsa: “Ai tun ranar na gane muryar, mai amshina. Jira nake ka faɗa da bakinka.”

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Kamaluddin, mai makarantar Islamiyya a tsohon Zango, wanda ya riga ya sa ido a kan Saifullah, almajirinsa mai ƙira'a, a matsayin suruki. Ranar da Fadil ya je gaisuwa, Malam ya tambayi sana'arsa. Kunya ta sa ya ce, “Gyaran na'urori nake yi a rediyo, Malam.”

Ƙaryar ba ta ko kwana ba. Yana yin sallamar tafiya da ɗan ƙarfi, 'yan ajin ƙanana suka gane muryar, suka ɗauka baki ɗaya: “Ƙaiƙayi ya tafi, barci ya zo!” Fadil ya fita har ya manta takalminsa ɗaya.

“Waƙar ban so ba,” in ji Malam ga 'yarsa, “amma ƙaryar ta fi ɓata mini rai. Kada ya dawo.”

Wata guda Fadil yana zagaye layin kamar mai tsoron kare. Sai saƙon Huda, wadda ke koyarwa a makarantar mahaifinta, ya zo: “Kunyar ta isa haka. Yaran ajina sun kasa riƙe farillan alwala, amma sabulunka ba ya kuɓuce musu. Yi mini aiki.”

Ya yi mata layi huɗu da amshi mai sauƙi. Cikin kwana biyu har 'yan shekara huɗu suna jero farillai bakwai ba tuntuɓe. Malam ya tsaya bakin aji yana saurare.

“Baitocin wa ne waɗannan?”

“Na mai sabulu ne, Baba.”

Ya aika a kira shi. Fadil ya durƙusa, kansa a ƙasa. “Malam, na yi maka ƙarya saboda ina jin kunyar sana'ata. Ita ce abincina, ba ni da wata.”

“Amma dai ta sabulun nan shirme ce,” in ji Malam.

Daga ɗaki matarsa, Hajiya Habibatu, ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah. Wata uku kana rera shirmen nan a wurin wanka, duk gidan nan muna ji.”

Malam ya duƙar da kai yana gyara rawanin da babu abin da ya same shi. A ranar mutum biyu ne suka kasa haɗa ido.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren. Da wani baƙo ya tambayi aikin ango, Fadil ya buɗe baki, amma surukinsa ya riga shi.

“Waƙar talla yake yi, kuma ya iya. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a tagari.”

Jama'a suka ce amin. Fadil ya ɗaga kai, ya dubi mutane ido da ido.