Ranar da Ursule Ta Ƙi Miƙewa

Ranar Lahadi, sha huɗu ga Oktoba, 1731, birnin Kebek na ƙasar Kanada ya wayi gari da sanyi mai ratsa ƙashi, har ruwan tulu ya daskare. Ursule na hura wuta sai ga saurayinta, Barnabe tela, da kwat ɗin babanta a kafaɗa, wai gyara ya kawo.

"Gyara ranar Lahadi?" in ji mahaifiyarta. "Ka rubuta wa babanka?"

Barnabe ya sunkuyar da kai. Da fushi ya baro La Rochelle ta ƙasar Faransa, bayan sun yi cacar baki da mahaifinsa a shagon ɗinki. Doka kuwa ta ce namijin da bai kai shekara talatin ba, fada, wato limamin coci, ba ya ɗaura masa aure sai da yardar uba.

"Mama, mutumin da ya ce ko maɓalli ban iya sawa ba, shi zan roƙa?"

"To ka auri almakashinka! Jirgin ruwan ƙarshe mai zuwa Faransa a makon nan zai tashi. Kogi na daskarewa, sai baɗi."

Tana fita ya matso yana raɗa.

"Ursule, yau mu gama. Da fada ya ɗaga hannu zai sa wa jama'a albarka, mu miƙe, in ce ke matata ce, ki ce ni mijinki ne. Na tanadi shaidu. Haka Jacquot da Marion suka yi nasu auren."

"Suka yi, aka kore su daga coci! Uwar Marion har yau ba ta iya shiga kasuwa."

"In kina so na, za ki miƙe."

Aka hallara a coci. Fada ya ɗaga hannu, Barnabe ya yi zumbur ya miƙe. Ita kuwa ta damƙe katakon benci, hawaye na zuba, ba ta motsa ba. Shi kaɗai tsaye, idanu caa a kansa.

"Tela, allurarka ce ta soke ka?" in ji wata tsohuwa daga baya.

Dariya ta ɓarke. Ya zauna kamar ya nutse.

Da yamma ta same shi a shago, ya harɗe ƙafa a kan tebur, ko kallonta bai yi ba.

"Kin mayar da ni abin dariya."

"Ka rasa uba ɗaya saboda zuciya, Barnabe, kana so ni ma in rasa nawa? Zan jira ka, ko sau nawa ƙanƙara za ta narke. Amma ba zan shiga ɗakinka in bar uwata da kuka ba."

"In ya ƙi fa?"

"Sai ka sake rubutawa. In ya sake ƙi, ai talatin ɗin na nan tafe!"

Gyaran murya suka ji. Ashe babanta na tsaye a bakin ƙofa.

"Na ga wanda ya miƙe, na kuma ga wadda ta zauna," ya ce. "Yaro, ɗauko takarda. Zan sa hannuna a ƙasan naka, in shaida masa ɗansa na cin halalinsa. Sanyin bana kuma a gidana za ka riƙa cin abinci, tunda ga alama ba ka da niyyar barin mana 'ya."

Barnabe ya share ido da bayan hannu, ya jawo tawada.

Har yau zuriyarsu a Kebek na gaya wa masu tasowa cewa son da aka gina kan haƙuri da albarkar iyaye shi ke daɗewa, kuma sunkuya wa mahaifi ba faɗuwa ba ne.

Ranar da jirgi zai tashi, tare suka gangara bakin kogi. Matuƙi ya miƙo hannu, Barnabe ya miƙa wasiƙar, amma yatsunsa suka ƙi sakinta.

"Malam, za ka ba ni ko za ka bi ta zuwa Faransa?"

Ursule ta yi dariya, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, wasiƙar ta faɗa jakar matuƙi.