Giɓin Ganuwar Gabas

A shekarar da tsohon sarki ya rasu, ana tsakiyar damina, masu zaɓen sarki suka naɗa ɗansa, suka tsallake ƙaninsa. Ƙanin bai yi mubaya'a ba. Ya fice daga birni ba sallama, ya tara mayaƙa daga garuruwan kan iyaka, ya dawo ya yi wa birnin ƙawanya.

Cikin dakarun da ke tsaron ganuwar gabas akwai wani saurayi da ake kira Auta, ɗan shugaban magina. Uban ya so ya gaje shi, amma yaron mashi ya fi so. Ranar da ya fara shigowa gida da garkuwa, uwarsa ta ce, "Kai da zakara ke kora a tsakar gidan nan, kai ne za ka tare mayaƙa?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai lokacin ba ni da garkuwa."

Ana nan sai marka ta sauka, ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata safiya gindin ganuwar gabas ya jiƙe, wani ɓangare ya rufta, ya bar giɓi mai faɗi. Nan take aka ji gangunan yaƙi daga sansanin abokan gaba.

Sarkin yaƙi ya kira shugaban magina ya ce, "Zuwa yaushe za ka toshe wannan?"

"Ranka ya daɗe, in an tare mini su, kafin faɗuwar rana."

"Masu tarewar a waje za su tsaya. In gini ya tashi, ba su da hanyar dawowa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Sarkin yaƙi ya ce ba zai tilasta wa kowa ba. Dakaru suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da Auta. Ya je ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, a yafe mini."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tashi ka je."

Dakarun suka jeru a bakin giɓin ta waje, garkuwa na gugar garkuwa. Taɓo ya hana dawaki matsowa, sai mayaƙan suka taho a ƙasa. A bayan dakarun kuwa, duk birni ya fito, maza da mata, ana miƙa duwatsu da tubali da gumagumai hannu da hannu. Gini ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kan mutum. Sahun dakaru yana raguwa, amma bai ja da baya ba.

Da la'asar shugaban magina ya zura igiya daga sama, ya yi kira, "Auta! Kama!"

Auta ya kama, ya ɗaura ta a ƙugun wani abokinsa da ƙafarsa ta karye. "Ja wannan, Baba! Ni da saurana. Ci gaba da ɗorawa!"

Yana komawa sahu mashi ya same shi a ƙirji. Uban yana kallo daga kan gini. Waɗanda ke kusa da shi sun ce hawaye na zuba kan tubalin, amma hannunsa bai tsaya ba sai da giɓin ya rufe.

Ƙanin marigayi bai shiga birnin ba. Yunwa da zazzaɓi suka ci sansaninsa, mutanensa suka watse kafin kaka, shi kuwa ya ƙare kwanakinsa a ƙasar wasu. Sabon sarki ya tako da ƙafarsa zuwa gidan maginin don yin ta'aziyya. Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na rufe masa hanya, kuma ko sau ɗaya bai ce in dakata ba. Ɗana ne."

Haka magabata suka ba da labarin. Har yau masu tarihi na gardamar wanda ya fi cancantar gadon sarautar, ɗan ko ƙanin. Mulki ya yi ta sauya hannu bayansu, kamar yadda Allah ya ƙaddara. Amma ba a taɓa jin wanda ya yi gardama a kan samarin da suka tsaya a waje, ana gini a bayansu ba.